Th17 Ba Ta Goma Sha Bakwai Ba Ce: Yadda Ake Raɗa wa Ƙwayoyin Garkuwar Jiki Suna

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar gwajin jini a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, ko a wani ɗakin gwaji na cikin gari, ya san jerin nan da ke biyo bayan haruffan NFS: PNN, PNE, PNB, sai limfosit, sai monosit. Sunaye biyar ke nan na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira sojojin jiki a shirye-shiryen rediyo. Wanda ya tsallaka ta Magarya ya je Daura ko Kano zai karɓi biyar ɗin nan da Ingilishi. Masu bincike kuwa sun daɗe da wuce biyar. Tun da aka sami na'urorin da ke karanta RNA na ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, gwaji guda kan fito da dubban ƙwayoyi marasa suna, sai a miƙa wa kwamfuta aikin raɗa musu suna ta hanyar gwada su da wani kundin madogara, wato tarin ƙwayoyin da aka riga aka tantance aka laƙaba wa sunaye. Wani kundin sunaye 29 ne a cikinsa, wani na ɓeraye ya haura 250. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sunayen su kansu: daga ina suka fito, wace ƙa'ida ta gina su, kuma me suke ɓoyewa.

Sunayen rini da sunayen mahaifa

Mafi tsufa a cikin sunayen nan na marina ne. A wajen 1879 Paul Ehrlich, Bajamushe, ya riƙa shafa wa jini rini iri-iri yana dubawa a madubin likita. Ƙwayoyin da suka sha jan rinin eyosin ya kira su masu son eyosin, waɗanda suka sha shuɗin rini mai kaifin kanwa suka sami nasu suna, waɗanda ba su karkata ga ko ɗaya ba suka zama ƴan ba-ruwanmu. Su ne PNE da PNB da PNN na takardarmu. Ɗafa-ƙeyar «-fil» da ke ƙarshen sunayen uku daga Girkanci take, ma'anarta so. Babu ɗaya daga cikinsu da ke faɗin aikin ƙwayar a jiki. Launin da ta ɗauka a kan gilashi kawai yake faɗi. Haruffan PN ma kuskure ne da ya zauna da gindinsa a Faransanci: kalmar tana cewa cibiyoyi da yawa, alhali cibiya ɗaya ce mai gaɓoɓi. Ehrlich ɗin dai ya ga wasu ƙwayoyi cike da ƙananan ƙulli, ya zaci ƙoshi ne, ya ba su suna daga kalmar Jamusanci ta turka, irin ta ragon layya. Daga baya aka gano histamin ne da makamantansa a cikin ƙullin, ba abinci ba. Sunan bai motsa ba: «mastocyte» ake ce da ita har gobe.

Rukuni na biyu na mahaifa ne. T daga taimus take, wata ƴar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda Jacques Miller ya nuna amfaninta a 1961. B kuwa daga wata ƴar jaka ce da ke kusa da duburar tsuntsu, mai ɗauke da sunan Fabricius, wadda aka gane aikinta a jikin kaji a 1956. Mutum ba shi da wannan jaka. A ɓargo ƙwayoyinsa na B suke girma. Sai aka yi katari kalmar Ingilishi ta ɓargo da harafin b take farawa, don haka ɗalibai da yawa a ƙasashe masu amfani da Ingilishi suka ɗauka daga nan sunan ya fito. Wannan shi ne abin da muke kira asalin kalma na zato, irin wanda ake ƙaga wa sunayen garuruwa. Ɗalibin likitanci a Jami'ar André Salifou bai faɗa wannan tarko cikin sauƙi ba, domin ɓargo a Faransanci da m yake farawa.

Mu da muka tashi a inuwar fadar Damagaram bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Galadima da Ciroma da Kaigama duk daga Barno sarautun suka zo, amma wanda ya san abin da Galadiman Barno yake yi a Nguru bai san abin da Galadiman Damagaram ko na Kano yake yi ba. Suna kan yi tafiya ya bar dalilinsa a gida.

Tsagar fuska

Bayan 1975, da aka iya ƙera antibodi mai kama furotin guda tak, kowane ɗakin bincike da kowane kamfani ya shiga raɗa wa abin da antibodinsa ya kama suna. Furotin ɗaya ya zama OKT4 a nan, Leu-3 a can, T4 a wani wurin. A 1982 aka yi taro a Faris aka amince da tsarin CD: duk antibodin da suka kama abu guda a haɗa su rukuni ɗaya, a ba rukunin lamba. Lambobin yanzu sun wuce 370. Furotin ɗin da ke saman ƙwaya tamkar tsagar fuska ne, ana dubawa a gane dangi. Lambar ba ta da wata ma'ana ta kanta. CD8 ba ninkin CD4 ba ne, ba kuma yayansa ba ne. Tsohon sunan T4 bai mutu ba a bakin masu jin Faransanci, kuma ga mai ɗauke da cutar sida wannan ce lamba mafi muhimmanci a rayuwarsa: ƙasa da 200 a maikurolita ɗaya na nufin cutar ta yi nisa.

Tsarin CD ya zo da alamun + da -, waɗanda duk ɗalibin tsarin sauti zai gane nan take, domin haka muke rubuta [+ziza] da [-ziza]. Kuma matsalar da muka sani ita ce ta same su: abin da aka ɗauka ko akwai ko babu ne, sai ga shi yana da matakai. A 2010 aka raba monosit gida uku, aka rubuta na farkon da CD14++CD16-, da alamar ƙari biyu. Ƙwayoyin NK aka raba su zuwa masu hasken CD56 da masu dishi-dishinsa. Inda ake yanke iyaka tsakanin yawa da ƙaranci, mai gwajin ne ke zana layin da hannunsa a fuskar kwamfuta, kuma ba dole ba ne layin wani ya faɗi a inda na wani ya faɗi.

Labarin Th ya fi ban dariya. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka raba ƙwayoyin T mataimaka gida biyu, Th1 da Th2, wato iri na ɗaya da iri na biyu. A 2005 aka tabbatar da wani iri, aka kira shi Th17. Ba don an gano goma sha huɗu a tsakani ba; sinadarin da yake fitarwa ne ake kira intalukin 17. Th9 da Th22 suka bi wannan sawu. Gurbi ɗaya a cikin kalma ɗaya, a wani wuri lambar jeri ce, a wani wuri sunan kayan sana'a ne, kuma babu abin da ke nuna wa mai karatu inda ƙa'idar ta sauya. Tfh kuma wurin zamanta a cikin kaluluwa aka duba, Treg aikinta aka duba. Ita Treg ma suna na biyu ne. A shekarun 1970 ana ce da irin waɗannan ƙwayoyi masu dannewa, sai binciken ya gamu da cikas har kalmar ta zama abin kunya a bakin masana. Da Shimon Sakaguchi ya sake fito da su a 1995, sai aka ce masu daidaitawa. Kauce wa kalma ne irin na ƙaramci da sakaya, wanda muka saba gani a sunayen surukai da na ɗan fari. A 2025 aikin ya kai shi ga lambar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Sai sunayen gogewa. Ƙwayar da ba ta taɓa haɗuwa da abin da aka halicce ta ta gane ba ita ce «naive». Wadda ta haɗu ta kuma tsira ita ce mai tuni. A 1999 Federica Sallusto da Antonio Lanzavecchia suka raba masu tunin gida biyu, Tcm masu komawa kaluluwa da Tem masu yawo a sassan jiki. Wannan laƙabi kamar Alhaji yake: ba da shi aka haifi mutum ba, wani abu ne ya faru da shi.

Ƙwaya ɗaya, rubutu huɗu

Kundayen da aka fi amfani da su da manhajar SingleR, wadda ta fito a 2019, an tara su wuri ɗaya, kuma kowanne da nasa salon. Ƙwayar T mai CD4 wadda ba ta goge ba, a kundin Human Primary Cell Atlas «T_cell:CD4+_Naive» ce. A kundin DICE «T cells, CD4+, naive». A kundin Monaco «Naive CD4 T cells». A ImmGen, wanda na ɓeraye ne, «T.4Nve.Sp», inda gaɓar ƙarshe ke nufin daga saifa aka ciro ta. (Monaco a nan sunan mai binciken ne, Gianni Monaco, ba ƙasar da ke gefen Faransa ba.) Biyun farko sun sa kan yankin suna a gaba, masu fayyace shi a baya, kamar yadda Hausa da Faransanci suka fi yi. Na uku ya bi tsarin Ingilishi, kai a ƙarshe. Na huɗu ɗafau ne zalla, kowace gaɓa da gurbinta. A idon mutum abu ɗaya ne. A wurin kwamfuta kalmomi huɗu ne da babu abin da ya haɗa su.

Wannan bambancin rubutu ne kawai, gyaransa ba wuya. Wanda ya fi wuya shi ne na rabe-rabe. Kundin Monaco ya raba ƙwayoyi masu CD8 bisa gogewa, amma masu CD4 da suka goge ya raba su bisa sana'a: Th1, Th2, Th17 da sauransu. Kundin Blueprint kuwa ya raba masu CD4 bisa gogewa, «CD4+ Tcm» da «CD4+ Tem». Saboda haka ƙwaya ɗaya za ta fito Th1 a nan, ta fito Tem a can, sai sabon mai bincike ya zaci ɗaya ya yi kuskure. Babu wanda ya yi. Wani ya ce Malam, wani ya ce Alhaji, mutum ɗaya ne; tambayoyi biyu aka amsa.

Akwai kuma wani tarko da na fi jin daɗinsa a matsayina na mai nazarin ma'ana. Kowane kundi yana da jeri biyu, na manyan sunaye da na ƙanana. A babban jerin Monaco akwai «CD4+ T cells», akwai «CD8+ T cells», akwai kuma «T cells» tsurarsa. Mai karatu zai ɗauka na ukun uwa ce ga biyun farko. Ba haka ba ne: ragowa ce, wato ƙwayoyin MAIT da na gama-delta waɗanda ba su shiga biyun ba. Kalma ta zama ƴar kanta. Mun san irin wannan a gida. A Kano hatsi ya haɗa gero da dawa da maiwa, a Nijar kuwa in aka ce hatsi gero ake nufi. Sai dai a wurinmu kalmar ta ƙuntata ne a kan wanda ya fi kowa daraja a rumbu, a kundin kuwa ta ƙuntata a kan waɗanda aka rasa inda za a sa su. Wanda ya rubuta a rahotonsa cewa ƙwayoyin T kashi kaɗan ne a jinin majinyaci, bisa wannan layi, ya faɗi abin da ba gaskiya ba ba tare da ya ƙirga kuskure ko ɗaya ba.

Ga kuma harshe biyu a cikin fage ɗaya. Sunayen CD na furotin ne, na'urar kuwa RNA take karantawa, wanda ke ɗauke da sunan sinadarin gado. CD20 a can MS4A1 ne, CD16 kuma FCGR3A, CD56 shi ne NCAM1, CD25 shi ne IL2RA. CD45RA, wanda da shi ake rarrabe ƙwayar da ba ta goge ba, ba shi da sinadarin gado nasa na kansa. Wani yanka ne na PTPRC, kuma na'urorin da aka fi amfani da su gefe ɗaya na RNA suke karantawa, ba sa ganin bambancin. An raɗa sunan da wata shaida, ana neman sa da wata.

Yadda manhajar take aiki ma abin lura ne. Takan auna kamannin kowace ƙwaya da kowane samfuri na kundin, ta ba ta sunan wanda ya fi kusa. Ba za ta iya faɗin sunan da babu a kundin ba. Kamar kunnen Bahaushe ne da sautin v: babu shi a tsarinmu, sai mu ji b, mu ce direba da talabijin. Idan aka ba ta ƙwayar fata ta gwada da kundin da jini kawai ya sani, za ta nemo mata suna a cikin na jini, sai fa in makin ya yi rauni har ta bar gurbin babu komai.

Maganin da aka samo shi ne Cell Ontology, wanda aka fara a 2005. Kowane iri yana da lamba da ma'ana a rubuce da matsayi a bishiyar dangantaka: CL:0000084 ƙwayar T, CL:0000624 mai CD4, CL:0000895 mai CD4 da ba ta goge ba. Lambar ba ta Ingilishi ba ce, ba ta Faransanci ba ce. A ganina wannan ne wurin da ya fi dacewa duk wani ƙamus na Hausa ya rataya kalmominsa.

Jinin wa aka ɗauka a matsayin ma'auni

Ƙwayoyin kundin Monaco daga ƴan mutane kaɗan aka tace su a Singafo. Na DICE daga mutum 91 a Kalifoniya. Blueprint shirin Tarayyar Turai ne. Wannan ba laifi ba ne, kowa da jinin da ke kusa da shi yake aiki. Amma a cikin sunayen akwai wanda aka ɗauka shi ne asali da wanda aka ɗauka kauce wa asali ne, abin da muke kira mai alama da marar alama.

Dubi «Vd2 gd T cells» da «Non-Vd2 gd T cells». An ba na farko suna, na biyu aka ce waɗanda ba shi ba, domin a jinin Turawa Vd2 ne ke da rinjaye. Binciken da Lars Hviid da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 a kan lafiyayyun mutanen Gana ya nuna a can Vd1 ne ke da rinjaye. Wanda aka jefa cikin «sauransu» shi ne mai gida a Afirka ta Yamma.

Dubi kuma «Exhausted B cells», wato gajiyayyu. An bayyana irin waɗannan ƙwayoyi a jinin masu sida a 2008, aka ce sun gaji. A 2009 wani bincike a Mali ya same su da yawa a jinin mutanen da ke zaune inda zazzaɓin cizon sauro yake, aka kira su «atypical», wato waɗanda ba a saba gani ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna suna da hannu a samar da antibodin da ke yaƙar ƙwayar zazzaɓin, suna kuma fitowa bayan allurar rigakafi a jikin masu lafiya. A Mirya ko Magarya, inda kowace damina zazzaɓi ke cika asibitoci da yara, wane ne bai saba ganin su ba? Idan aka karanta jinin yaron Damagaram da wannan kundi, kwamfuta za ta ce garkuwarsa ta gaji, alhali mai yiwuwa aiki take yi.

Misali mafi nauyi yana kan takardar NFS ita kanta. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da furotin Duffy, abin da ke ba su kariya daga nau'in zazzaɓi na vivax. Masu wannan gado sau da yawa PNN ɗinsu kan yi ƙasa da na Turawa, wani lokaci ƙasa da 1,500 a maikurolita, ba tare da wata cuta ba. Shekaru da yawa ana kiran wannan da sunan da ke nufin ƙarancin nutrofil marar illa na ƙabila. Kalmar ƙaranci ta mai da lafiya ciwo, kalmar ƙabila ta sa launin fata a gurbin sinadarin gado. Sakamakon ba na baki kawai ba ne: an jinkirta wa mutane maganin daji, an hana wasu maganin kulozafin, an huda ƙashin wasu don duba ɓargo ba gaira ba dalili. A 2021 Lauren Merz da Maureen Achebe suka soki sunan a mujallar Blood, kuma yanzu masana da yawa sun koma ga DANC, wanda ke cewa adadin nutrofil mai alaƙa da rashin Duffy. An cire ƙaranci, an sa adadi.

Idan za a faɗe su da Hausa

Tun da kundin tsarin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar keɓaɓɓun kalmomi ta bar ɗakin taro. Wata rana wani zai zauna ya rubuta darasin garkuwar jiki da Hausa, kuma abin da ya zaɓa shi zai zauna, kamar yadda «polynucléaire» ta zauna.

Ra'ayina a raba sunayen gida biyu. Haruffa da lambobi, T da B da CD4 da Th17, a bar su yadda suke. Ba su da ma'anar da za a fassara, kuma duk wanda ya mai da Th17 ta goma sha bakwai ya ƙara ƙarya a kan ruɗani. Kalmomin siffantawa kuwa a fassara ma'anar da ke rubuce a Cell Ontology, kada a fassara kalmar Turancin. «Naive» a ƙamus gaɓo ne ko marar wayo, alhali abin nufi sabuwar shiga. Mai tuni ta yi daidai, tsohuwar hannu ma za ta yi a bakin mai wayar da kai. Gajiyayya da baƙuwa bai kamata su shigo Hausa ba sam, tun da masu su ma suna jayayya a kansu. A kira ƙwayar da tsagarta. Ko sojojin jiki ɗin nan na rediyo yana da iyaka, domin ƙwayar CD4 ba ita ke kai sara ba, ita ke ba da umarni. Shi ya sa faɗuwarta ke rusa rundunar duka, kuma majinyacin da aka ce masa sojoji sun ragu bai ji rabin labarin ba.

A wuri ɗaya Hausa ta fi harsunan aron dacewa da tsarin. Ingilishi da Faransanci sai sun jingina siffa a bayan lamba kafin su karanta + da -. Mu muna da mai da maras, masu da marasa, a shirye, suna kuma zuwa a inda ya kamata, bayan kai. CD14++CD16- za ta zama monosit mai yawan CD14 maras CD16. CL:0000895 za ta zama ƙwayar T mai CD4 sabuwar shiga, kai a gaba, tsaga a tsakiya, gogewa a ƙarshe, daidai da jerin da kundin DICE ya bi da waƙafi biyu.